Kwana goma sha biyu a Indonesiya: in tsaya a Java ko in ƙarasa Bali?

Ɗan_Kwari

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Idan Allah ya kai mu watan Yuli zan tafi Jakarta saro yadi da kayan yara a kasuwar Tanah Abang, kuma wannan ne karon farko da zan taka ƙasar Indonesiya. Harkar kasuwa ba za ta ci fiye da kwana biyar ba, saura bakwai kuwa ina so in yi amfani da su wajen ganin ƙasar da mutanenta, domin ban san ko za a sake samun irin wannan dama ba. Abokin cinikina da ya saba zuwa ya ce mini wanda bai je Bali ba bai ga Indonesiya ba, wani kuma ya ce kada in ɓata kuɗin jirgi, in tsaya a tsibirin Java, inda Jakarta take. Ina neman shawarar waɗanda suka zauna ko suka ziyarci ƙasar, da dalilansu.

Malamin_Taswira

Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a kai ga zaɓen wuri, ya kamata a fara sanin girman ƙasar da ake magana a kanta. Indonesiya tarin tsibirai ce fiye da 17,000, kuma daga Sabang a ƙarshen yamma zuwa Merauke a ƙarshen gabas ya haura kilomita 5,000, wato kusan nisan Dakar zuwa Khartoum. Agogo uku ake amfani da su a cikin ƙasar: Jakarta tana gaban Kano da awa shida, Bali da awa bakwai, yankin Papua kuma da awa takwas. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 270, kuma fiye da rabinsu suna zaune ne a Java, tsibirin da faɗinsa bai kai jihar Borno da jihar Neja a haɗe ba. Bali kuwa mutanenta ba su kai miliyan biyar ba. Saboda haka maganar abokin cinikinka ba ta tsaya a kan ƙafarta ba, domin idan mutane ake nufi da ƙasa, to a Java suke.

Hajiya_Mai_Atamfa

Na je sau huɗu, kuma ina goyon bayan Malam. Sai dai ina so in gargaɗe ka a kan lissafin kwana biyar ɗin nan. Tanah Abang ba kasuwa ɗaya ba ce, gine-gine ne manya masu hawa da yawa, kowane da sunansa, kuma kwana biyun farko suna ƙarewa ne a gane hanya da kwatanta farashi. Ga cunkoson motocin Jakarta, wanda tafiyar kilomita goma kan ci awa biyu da yamma. Ni da hijabina nake hawa babur ɗin haya, wanda suke kira ojek, ana kiransa ta manhajar Gojek ko Grab a waya, direba ya zo da hular kwano ta fasinja. Ka kuma riƙe cewa a hannun hagu suke tuƙi, don haka wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa.

Bazazzage_a_Malang

Shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a Malang da ke gabashin Java, kuma da ni ne da kwana bakwai, da jirgin ƙasa zan raba su. Daga tashar Halim a Jakarta akwai jirgi mai gudu da suke kira Whoosh, wanda aka buɗe a watan Oktoban 2023, yana kai mutum yankin Bandung cikin ƙasa da awa ɗaya. Bandung gari ne na kan tudu, mai sanyi da safe, kuma kewayensa cike yake da masaƙu da masana'antun tufafi, don haka ko ta fuskar sana'arka ba za ka yi asarar zuwa ba. A titin Asia Afrika akwai zauren Gedung Merdeka, inda wakilan ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka yi taro a watan Afrilun 1955, kuma an mayar da wani ɓangarensa gidan tarihi.

Daga Bandung sai ka kama jirgin safe zuwa Yogyakarta. Kada ka ɗauki na dare, domin hanyar ita ce abin kallo: gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tsaunuka, manoma cikin taɓo har gwiwa da malafa a kai, ga duwatsu masu aman wuta suna tsaye a bayansu. A gona ɗaya za ka ga ana dashe, a ta kusa da ita ana girbi, saboda ruwa ba ya yankewa kuma tokar duwatsun ta sa ƙasar ta yi albarka. A nan ne na fahimci yadda ƙaramin tsibiri yake ɗauke da mutane masu yawa haka.

Yogyakarta ita ce wurin da Bahaushe zai fi saurin ganewa. Gari ne na sarauta, akwai fada da suke kira kraton, da bayin sarki tsofaffi masu ɗaura zane suna zaune a ƙasa a zaurukanta, da babban masallaci a gefen filin ƙofar fada, kamar yadda aka saba a biranenmu. Sultan Hamengkubuwono na goma shi ne kuma gwamnan lardin a hukumance, abin da babu irinsa a sauran lardunan ƙasar.

Abu_Hanifa_Maradi

Ina da tambaya ga ɗan'uwa na Malang. Shin Nijeriya ko Nijar sun halarci taron Bandung da ka ambata?

Bazazzage_a_Malang

A'a, Malam, dukansu biyu suna ƙarƙashin mulkin mallaka a lokacin kuma ba su cikin mahalarta. Daga Afirka akwai Masar, Habasha, Laberiya, Libiya, Sudan da Gold Coast, wadda ta zama Ghana bayan shekara biyu.

Matafiyi_Ɗan_Jos

Ina ganin ana neman a yi wa Bali rashin adalci, kuma ni da na kwana tara a can ba zan yi shiru ba. Gaskiya ne cewa yankin Kuta da Seminyak ya cika da baƙi, mashaya da hayaniya, musamman a Yuli da Agusta, kuma mai iyali ko mai kamun kai ba zai ji daɗinsa ba. Amma wanda ya hau zuwa Ubud ko ya ƙarasa Jatiluwih zai ga tsarin rabon ruwan noma da ake kira subak, inda manoma suke da ƙungiyoyi masu raba ruwan tsauni gona bayan gona tun ɗaruruwan shekaru, har UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 2012. A matsayina na wanda ya taso yana ganin rigimar ruwa tsakanin masu noman rani, na tsaya na yi ta kallon yadda aka tsaga ƙaramar magudana gida uku da katako, kowace gona tana samun rabonta ba tare da mai gadi ba. Bugu da ƙari, Bali ce lardin da mabiya addinin Hindu suka fi rinjaye a ƙasar da kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, kuma wanda yake son ya san yadda al'ummomin Indonesiya suke zaune tare yana bukatar ganin wannan ɓangaren. Daga Jakarta tafiyar awa biyu ce kawai a jirgin sama.

Ummu_Khadija

Malam Matafiyi, yaya batun abinci da salla a Bali? Wannan shi ne abin da ya hana maigidana yarda mu je.

Matafiyi_Ɗan_Jos

Hajiya, tambayarki tana kan hanya. A Java mutum yana shiga kusan kowane gidan abinci hankalinsa kwance, amma a Bali naman alade yana cikin abincin gargajiya, don haka sai an lura. Kalmar babi ita ce alade, kuma duk inda kika gan ta a allo sai ki wuce. Mafita ita ce gidajen abincin Padang, waɗanda Musulmin yammacin Sumatra suke gudanarwa a ko'ina cikin ƙasar, ana gane su da faranti da aka jera bisa juna a jikin gilashin taga, da kuma shagunan da aka rubuta warung muslim. Masallatai suna nan a Denpasar, babban birnin Bali, da kusa da filin jirgi, amma a ƙauyuka sukan yi nisa. Wani abin lura kuma shi ne 'yan ƙananan kwanduna na ganyen kwakwa da furanni da suke ajiyewa a bakin ƙofa da gefen titi kowace safiya domin ibadarsu, ladabi ne mutum ya kauce kada ya taka.

Alaramma_Gombe

Ni shawarata ta bambanta da ta kowa. Idan har za a hau jirgin sama, to a nufi Aceh a arewacin Sumatra, wadda suke yi wa laƙabi da barandar Makka saboda daga can alhazan tsibiran suke kama teku a zamanin da. Na ziyarce ta tare da wata tawagar malamai, kuma ban taɓa shiga wurin da ya girgiza zuciyata kamar Banda Aceh, babban birnin lardin, ba. A ranar 26 ga Disamban 2004 girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ta tayar da igiyar ruwa wadda ta hallaka mutum fiye da 160,000 a wannan lardi. Masallacin Baiturrahman mai baƙaƙen ƙubbobi ya tsaya, mutane da yawa suka tsira a cikinsa. Akwai wani ƙaton jirgin ruwa mai injin samar da lantarki da ruwan ya ɗauko daga gaɓa ya ajiye a tsakiyar unguwa, yana nan har yau an kewaye shi. Wanda ya yi mana jagora ya nuna mana wani fili mai ciyawa, babu dutse babu suna, ya ce dubban mutane ne a kwance a ƙarƙashinsa, kuma yana zuwa yin addu'a a nan ne domin bai san inda mahaifiyarsa take ba. Bayan wata takwas da wannan musiba aka sa hannu kan sulhu a Helsinki, yaƙin da aka yi kusan shekara talatin ana yi tsakanin gwamnati da 'yan awaren Aceh ya ƙare. Lardin yana aiki da dokokin shari'a, kuma baƙo Musulmi ba ya jin baƙunta a cikinsa.

Malamin_Taswira

Allah ya jiƙansu, ya gafarta masu. Abin da Alaramma ya faɗa yana da alaƙa da yanayin ƙasar gaba ɗaya, domin Indonesiya tana zaune ne a inda manyan faifan ɓawon ƙasa suke gogayya, shi ya sa take da duwatsu masu aman wuta fiye da ɗari da ba su mutu ba. Tambora ya fashe a 1815 har tokarsa ta lalata damina a Turai da Amurka a shekarar da ta biyo baya, Krakatau ya yi nasa a 1883, Merapi da ke saman Yogyakarta kuma ya kashe mutum fiye da 300 a 2010. Ba ina faɗin haka don in tsorata Alhaji ba ne, sai don ya riƙa duba sanarwar hukuma kafin ya sayi tikiti, saboda toka takan sa a rufe filin jirgi na kwana ɗaya ko biyu. Yuli dai lokaci ne mai kyau, rani ne a Java da Bali, damina kuwa takan kama daga wajen Nuwamba zuwa Maris.

Hajiya_Mai_Atamfa

Tunda an ambaci Yogyakarta, mai sana'ar yadi bai kamata ya wuce batik ba. Na shiga wani gida a bayan fada inda mata shida suke zaune a kan 'yan kujeru sun kewaye ƙaramin kasko na narkakken kaki. Kowace tana riƙe da wani abu kamar lofe mai bakin tagulla, sunansa canting, ta ɗebo kakin, ta hura bakin sau ɗaya, sannan ta ja zane a kan farin yadi ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa, sai a tafasa yadin a cire kakin, a sake rufe wani wuri, a sake tsomawa a wani launi. Zane ɗaya mai kyau yakan ci wata biyu ko fiye. Na tuna marinar Ƙofar Mata, domin hikimar ɗaya ce, mu da ƙulli da ɗinki muke hana baba shiga, su da kaki. Ka sani akwai na hannu, akwai na hatimin tagulla, akwai kuma na inji wanda ba batik ba ne sai kamanni. Ka juya bayan yadin, idan launin ya yi fari-fari a baya to na inji ne. Kasuwar Beringharjo a Yogyakarta da ta Klewer a Solo, garin da ke kusa da ita, duk suna da su. An ce ma atamfar da muke ɗaurawa daga wajensu ta samo asali.

Zango_Kumasi

Hajiya ta yi gaskiya, kuma labarin ya ratsa ta ƙasarmu. Indonesiya ta daɗe a hannun Turawan Holan, kuma a ƙarni na 19 masana'antunsu suka yi ƙoƙarin kwaikwayon batik da inji domin su sayar wa mutanen Java. Can ba ta karɓu sosai ba, sai kasuwarta ta buɗe a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma wannan ne asalin atamfar Holan da mata suke alfahari da ita a lefe, wadda kamfanin Vlisco yake bugawa a garin Helmond har yanzu. Akwai kuma wata alaƙar: tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi sojoji kimanin 3,000 ta tashar Elmina da ke Ghana ta yau ta kai su yaƙi a tsibiran, waɗanda suka dawo kuma suka zauna a wata unguwa da ake kira Tudun Java a Elmina.

Ɗan_Kwari

Na gode ƙwarai da wannan ilimi, ban taɓa sanin atamfar da nake sayarwa shekara ashirin tana da dangantaka da inda zan je ba. Amma ina roƙon a dawo kan tambayata, domin yanzu wurare uku ne a gabana maimakon biyu. Sannan yaya batun harshe? Turancina na kasuwa ne.

Bazazzage_a_Malang

Alhaji, harshen ba zai ba ka wahala kamar yadda kake zato ba. Ƙasar tana da harsuna fiye da 700, amma kusan kowa yana jin Bahasa Indonesia, wanda matasan masu neman 'yanci suka amince da shi a matsayin harshen haɗin kai tun 1928, kafin Sukarno, shugaban ƙasar na farko, ya ayyana 'yancin kai a ranar 17 ga Agustan 1945. Da haruffan boko ake rubuta shi, ana karanta shi yadda aka rubuta, kuma cike yake da kalmomin Larabci da kunnenka ya saba da su. Ranakun Litinin zuwa Asabar su ne Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat da Sabtu. Sabulu sabun ne, duniya dunia, labari kabar, lokaci waktu. Ka riƙe berapa, wato nawa, da mahal, wato ya yi tsada, da terima kasih, wato na gode. Ka kira namiji babba Pak, mace kuma Ibu, kada ka miƙa kuɗi ko ka karɓi kaya da hagu, kuma kada ka ɗaga murya wajen ciniki, domin mutumin Java yana ɗaukar hakan a matsayin rashin tarbiyya, zai yi maka murmushi kawai ya ƙi sayarwa.

Game da salla, mazhabar Shafi'i suke bi, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, kuma a asuba ana yin alƙunutu a bayyane bayan ruku'u da hannaye a ɗage. A masallatai da yawa ana buga wata babbar ganga mai suna bedug kafin kiran salla. Kowace tashar jirgi, kasuwa da gidan mai tana da ɗakin salla. Kafin ka bar Jakarta ka yi Juma'a a masallacin Istiqlal, wanda aka buɗe a 1978, Kirista ne mai suna Frederich Silaban ya zana shi, kuma babbar majami'ar Katolika tana fuskantarsa a tsallaken titi.

Lauya_Mai_Lura

Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana gaba da duk wannan tsari. Mai fasfon Nijeriya ba ya samun biza a filin jirgi kamar 'yan wasu ƙasashe. A lokacin da na nema, sai da wani kamfani a can ya tsaya mini, aka yi ƙarin bincike, kuma ya ɗauki makonni, don haka ka fara tun yanzu ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, kuma ka tabbatar da ƙa'idar da ake bi a yau. Kada ka wuce kwanakin da aka ba ka ko da da kwana ɗaya ne, akwai tara mai nauyi a kan kowace rana. Abu na biyu ina faɗinsa da baƙin ciki: hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Indonesiya yana kaiwa ga kisa, kuma akwai 'yan Nijeriya cikin waɗanda aka zartar wa hukuncin a 2015 da 2016. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko a Kano ko a Doha ko a Addis Ababa, komai kamalar fuskar mai roƙon.

Ummu_Khadija

Wannan gargaɗi ya dace, Allah ya tsare. Ni kuma ina so in ji ra'ayin malamai a kan Borobudur, domin kowa yana cewa shi ne abin kallo mafi girma kusa da Yogyakarta, amma na ji wurin bautar mabiya Buddha ne.

Alaramma_Gombe

Hajiya, haka ne, gini ne na mabiya Buddha daga wajen ƙarni na 9, kafin Musulunci ya kafu a Java da ɗaruruwan shekaru, kuma yawancin masu ziyararsa a yau Musulmin ƙasar ne da ɗaliban makarantu. Ni ban je ba, kuma ba zan yanke wa kowa hukunci a wannan zaure ba, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan ce shi ne, wanda yake neman tarihin Musulunci a Java yana da wuraren zuwa da yawa a gaɓar arewa: tsohon masallacin Demak mai rufin katako hawa uku, da hasumiyar Kudus da aka gina da jan bulo bisa salon gine-ginen da mutanen wurin suka gada, da unguwar Ampel a Surabaya. Waɗannan suna da alaƙa da malamai tara da suke kira Wali Songo, waɗanda ake danganta yaɗuwar addini a tsibirin gare su. A Yogyakarta kanta, a unguwar Kauman kusa da fada, Ahmad Dahlan ya kafa ƙungiyar Muhammadiyah a 1912, wadda take da makarantu, jami'o'i da asibitoci a faɗin ƙasar.

Matafiyi_Ɗan_Jos

Ban janye maganata a kan Bali ba, amma idan damuwar abinci da masallaci ce, akwai Lombok a gabashinta, tsibirin da ake yi wa kirari da mai masallatai dubu, ga teku mai tsabta ga dutsen Rinjani. Kwana huɗu a Java, uku a Lombok, ai an haɗa biyun.

Hajiya_Mai_Atamfa

Malam Matafiyi, kwana ukun nan biyu daga ciki a hanya za su ƙare, tsakanin zuwa filin jirgi, jira da komawa Jakarta domin kama jirgin gida. Kuma kada a manta Alhaji yana da kaya da zai tabbatar an auna an loda kafin ya tashi. A zuwana na biyu na bar wannan aiki a hannun wani wakili na tafi yawo, na dawo na tarar an haɗa mini dila biyu da ba nawa ba, sai da na ƙara kwana uku.

Ɗan_Kwari

Hajiya, wannan magana ta shige ni, domin ban sa ranar lodi a lissafina ba. Yanzu ina tunanin Bandung kwana biyu, Yogyakarta da Solo kwana uku, in dawo Jakarta da sauran biyun, ko da yake labarin Aceh bai bar zuciyata ba tun da Alaramma ya ba da shi. Ɗan'uwa na Malang, shin ana iya sayen tikitin jirgin ƙasan tun daga nan, ko sai na isa?

Bazazzage_a_Malang

Ana iya saye ta manhajar kamfanin jirgin ƙasa na KAI ko ta Traveloka da lambar fasfo, sai dai wani lokaci katin bankin waje yakan ƙi wucewa, idan haka ta faru sai ka saya a tashar Gambir da ke Jakarta ko a kantunan Indomaret da Alfamart bayan ka isa. Farkon Yuli hutun makarantu ne a nan, kujeru suna ƙarewa da wuri, musamman a ƙarshen mako, don haka ka sanya tafiyar Yogyakarta a ranar Talata ko Laraba, kuma ka zo da riga mai kauri saboda sanyin na'urar cikin jirgin.